Girkin mako a rana ɗaya: abin da ake haɗawa, da abin da ake bari sai ranar ci

Kuskuren da masu farawa suka fi yi shi ne dafa abinci kala bakwai ranar Asabar su jera a firji. Kafin Laraba shinkafa ta bushe, miya ta fara tsami, yara kuma sun gaji da ɗumame. Uwargida, ba gama abincin ake so ki yi ba. Aikin da ke cinye lokaci za ki rage: markaɗe, tafasa nama, gyaran wake, yankan ganye. Tuwo, taliya da shinkafa kuwa a bar su sai ranar ci, tunda ba su da wani dogon aiki.

Kafin ki tafi cefane, fara duba wutar unguwarku, domin ita za ta yanke miki yawan abin da za ki haɗa. Firji ya kamata ya tsaya a digiri 4 ko ƙasa da haka, firiza kuma a digiri 18 ƙasa da sifili. Idan aka ɗauke wuta, firjin da ba a buɗewa yana riƙe sanyi kamar awa 4 kawai. Firiza cikakkiya tana kai awa 48, mai rabin kaya awa 24. Wadda ba ta da tsayayyiyar wuta ko sola ta yi shirin kwana biyu zuwa uku, kada ta kwaikwayi mai firiza.

Kayan miya su ne ginshiƙin komai. Ga gida mai mutum shida, nemi tumatir kilo 3, tattasai kilo 1, manyan albasa 4, da attaruhu gwargwadon yadda kuke cin yaji. A wanke, a cire ƙwayayen tattasan, a markaɗa ba tare da an cika ruwa ba. Zuba a tukunya mai faɗi ki bar ta a buɗe. Idan kika rufe, tururin zai dinga komawa ciki. Ki bari ya yi ta tafasa har ya koma kusan kashi ɗaya cikin uku, ya yi kauri, idan kin ja ludayi a gindin tukunyar ki ga hanyar ta ɗan tsaya kafin ta rufe. Sannan ki soya da man gyaɗa kamar ludayi biyu, kina juyawa a kan wuta kaɗan, har man ya taso sama launin ya koma ja mai duhu. Gishiri kaɗan ya isa. Kada ki sa kori, daddawa ko dunƙulen ɗanɗano yanzu, domin wannan haɗin zai shiga dafa-duka, miyar taushe, miyar ganye da faten doya, kowanne da nasa ƙamshin. Kanwar da wasu ke jefawa don kashe tsami ita ma ta jira ranar girki, saboda tsamin tumatir yana cikin abin da ke hana shi saurin lalacewa.

Nama ko kaza a tafasa da albasa, citta da tafarnuwa, a tsame, a ajiye romon daban. Wannan romon ne zai sa miyar kuka ko ta busasshiyar kuɓewa ta zama aikin minti goma sha biyar: a tafasa shi da daddawa da ɗan soyayyen kayan miya, a kaɗa. Miyar yauƙi dai ba ta son ajiya, ɗumamawa na rage mata yauƙin.

Wake kuma kashi biyu za ki yi. Ɗaya ki dafa ya yi laushi amma bai farfashe ba, don shinkafa da wake ko fate. Ɗayan ki surfa ki wanke ki tsane, ki ƙulla a leda ki sa a firiza, ranar ƙosai ko alala sai markaɗe kawai. Kada ki ajiye ƙullun da aka riga aka markaɗa, da zafin nan nan da nan yake kumbura ya yi tsami. Alayyafo da zogale a tsoma su a tafasasshen ruwa minti biyu, a juye a ruwan sanyi, a matse, a dunƙula. Latas da kokwamba ba sa jure wannan, dafaffen dankalin turawa ma yakan saki ruwa ya yi laɓo-laɓo idan ya fito daga firiza.

Inda aka fi samun ɓarna shi ne wajen hucewa. Babbar tukunya tana iya kwana cikinta da ɗumi, a wannan ɗumin ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa. Raba abincin a robobi marasa zurfi, kowace daidai girki ɗaya, ki bar ɗan fili a sama don ƙanƙara tana kumbura. Ya shiga sanyi cikin awa biyu da saukewa. A watannin Maris zuwa Mayu, da zafi ke wuce digiri 32, cikin awa ɗaya. Shinkafa ta fi komai haɗari a nan: akwai ƙwayar cutar da dahuwa ba ta kashewa, idan shinkafar ta daɗe a waje sai ta fitar da dafin da ko an sake ɗumamawa ba ya mutuwa, kuma ba lallai hanci ya ji wani wari ba.

Rubuta ranar girki a jikin kowace roba. Abin da za a ci cikin kwana uku zuwa huɗu ya zauna a firji, sauran ya tafi firiza tun ranar farko. Ki sauko da na gobe cikin firji tun dare ya narke a hankali, kuma a ɗumama har ya tafasa ciki da waje, sau ɗaya tak. Don sanin ko firiza ta narke ba kya gida, daskarar da ruwa a kofi ki ɗora ɗan tsakuwa a kai. Idan kin dawo kika tarar da tsakuwar a gindin kofin, kayan sun narke sun sake daskarewa, nama da romo ba abin amincewa ba ne kuma.