Ƙarar taya ce kawai, amma ta tona mana asiri a kartiyenmu

Daren Talatar da ta wuce, wajen ƙarfe ɗaya da wani abu, muna kwance a tsakar gida saboda zafi ga shi an ɗauke kuran tun bayan isha'i, sai muka ji tau! can kuma tau! daga wajen hanyar Tanut. Maman yara ta zabura ta riƙe min hannu tace Malam ka ji? Nace na ji, kwanta ba komai, alhali ni kaina cikina ya ɗuri ruwa. Na lalubo waya zan kira wani in tambaya ko lafiya, nan fa na tsaya ina ta murza sunaye sama da ƙasa kamar wani sakarai, don wallahi shekara huɗu ina zaune a wannan kartiye na bakin garin Damagaram amma ba ni da lambar ko mutum ɗaya daga cikin gidajen da suka kewaye ni. Ina da ta mai ga-ruwa, ina da ta maginin da ya gudu da kuɗin simintina, ina da ta ɗan kabu-kabun da ke kai yara lakwal, amma maƙwabcin da katanga ɗaya ta raba mu sai dai "Alhaji an tashi lafiya" in mun haɗu a ƙofa, shi ma daga cikin mota yake ɗago hannu.

Da gari ya waye aka ce wata babbar mota ce aka yi wa lodin da ya fi ƙarfinta, tayoyi biyu suka fashe a kan gudron. Kowa ya yi dariya a shagon mai shayi, har da masu cewa su ko motsi ba su yi ba, ƙarya suke. Ni dai dariyar ba ta kai min ciki ba, tun ranar nake juya abin a raina shi ya sa nace bari in zauna in rubuta.

A Birni, tsohuwar unguwar garin, aka haife ni, ba nisa da fadar Sarkin Damagaram. Wanda ya tashi a can ya san yadda lungunan suke, baƙo ba ya ratsa su ba tare da wata tsohuwa a zaure ko wani dattijo a dakali ya tambaye shi "samari gidan wa ake nema?" ba. Muna yara abin haushi yake ba mu, ka yi laifi a ƙofar masallaci kafin ka iso gida labari ya riga ka, bulala tana jira. Tsofaffi suna ba mu labarin ganuwar da aka kewaye garin da ita zamanin Sarki Tanimun, da bindigogin igwa da ake ƙerawa a nan cikin gari, har yanzu in ka duba za ka ga ragowar ganuwar a wasu wurare ta zaizaye. Amma ni a ganina ba tubalin ne ya tsare Birni ba a zamaninmu, idon mutane ne.

To mu da muka ɗan samu abin hannu me muka yi, muka gudu. Muka ce Birni ta matse, Zango hayaniya, Sabon Gari ƙura da ihun kasuwar Dole, muka sayi farsel a bakin gari inda iska take. Kowa ya zo abin da ya fara ginawa katanga ce mai tsawo, ya dasa fasassun kwalabe a kai, ya sa ƙyauren ƙarfe, ya shige ya rufe. A layinmu gida goma sha ɗaya ne, biyar kaɗai ke da mutane, sauran kangaye ne masu su suna Yamai ko Agadas ko Libiya, wasu an sa mai gadi wasu kuma akuyoyi ne da duk wanda ya ga dama ke kwana ciki. Bayan gidana babu wani gida sai gonar gero, daga ita sai duwatsu, daga nan daji ne har inda ido ya tsaya. Hanyar shigowa ɗaya ce, latirit, da damina in aka yi ruwa mai ƙarfi ko adaidaita ba ta yarda ta shigo. Fitilar layi babu. Rezo sai ka hau dakali. Ranar da nake sayen wurin duk waɗannan abubuwan su na gani na ce kai ga kwanciyar hankali.

Alhamdulillahi garin Damagaram bai ga irin abin da Difa da Tilaberi suka gani ba, Allah ya ƙara tsarewa, kuma ba na rubuta wannan don in tsorata kowa ba. Amma duk wanda ke nan a watan Fabrairun 2015 ya tuna. Ranar 6 ga wata Boko Haram suka afka wa Boso da Difa, cikin 'yan kwanaki sai ga motoci a kan hanyar Gure da Mirya shaƙe da katifu da tukwane da yara sun yi jugum a saman kaya. Aka sa dokar ta-ɓaci a jihar Difa, aka hana hawa moto, aka tsayar da cinikin tattasai da kifi da mutane da yawa ke ci da shi. Wani ɗan uwan babanmu ya zo da iyalinsa su tara suka sauka a gidanmu na Birni wata uku, kuma abin da ya fi tsaya min a rai a labarinsa shi ne da yace su ma fa da can ji suke abin na Najeriya ne, na ƙetaren kogin Komadugu ne, ba zai tsallako ba.

In ka bi labarin hare-haren nan za ka ga sau da yawa gefen gari ake fara taɓawa. Dalori ƙauye ne da ke manne da Maiduguri, 'yan kilomita kaɗan, ranar 30 ga Janairun 2016 da dare aka shige shi aka yi ta harbi ana cinna wa gidaje wuta, sama da mutum 80 suka rasu, ga babban birni nan cike da sojoji a kusa. Nyanya unguwa ce ta bayan garin Abuja inda ƙananan ma'aikata ke kwana don haya ta fi sauƙi, safiyar 14 ga Afrilun 2014 bam ya tashi a tashar mota lokacin da ake rububin tafiya aiki, fiye da mutum 70. Madalla ma haka, cocin da aka kai wa hari ranar Kirsimetin 2011, a gefen Abujan take. Tsakiyar gari akwai bariki, akwai komisariya, akwai shingen bincike a gaban kowane babban ofishi, amma inda talaka da ɗan matsakaici ke kwana sai Allah. Kada wani ya ce na ce tsakiya ta tsira, a'a, babban masallacin Juma'a na Kano da ke jikin gidan Sarki aka tada wa bama-bamai ranar 28 ga Nuwamban 2014 sannan aka buɗe wa masu gudu wuta, mutum sama da ɗari, kuma Kano ai nan ce kusa da mu, da yawanmu ranar sai da muka yi ta neman 'yan uwa a waya. Bambancin kawai shi ne a can cikin mintoci an cika wurin, ana ɗaukar masu rauni a mota da a-kori-kura zuwa asibiti. Mu nan in abu ya faru ƙarfe ɗayan dare ka buga 17 ta 'yan sanda ko 18 ta 'yan kwana-kwana, me ma za ka ce musu? Layinmu ba shi da suna. Kwatancen gidana shi ne ka wuce gidan mai, ka bar gudron, ka bi ta wajen bedin nan, gida mai baƙin ƙyaure, alhali rabin ƙyamaren kartiyen baƙaƙe ne. Kafin a gano mu a kuma kai mutum babbar likita cikin gari, mai zubar da jini ya gama zubarwa.

Masallacinmu ma na duba shi da wani ido dabam bayan abin da ya faru a Fambita, can wajen Kokoru a jihar Tilaberi, ranar Juma'a 21 ga Maris 2025 cikin azumi, aka kewaye masallaci ana salla aka kashe mutum 44. Namu ƙofa ɗaya gare shi ta maza, ta mata kuma an rufe ta da kwaɗo tun da aka sace agogon bango, makullin yana hannun ladan.

Akwai wani ɓangaren da ya daɗe yana ɗaure min kai, na Amurka. Da nake jin labarin harbe-harben makarantunsu a rediyo na ɗauka a unguwannin 'yan daba ake yi, ashe da yawa a unguwannin masu hali ne na bayan gari, irin wuraren da iyaye ke komawa takanas don su raba 'ya'yansu da fitinar birni. Makarantar Columbine a gefen birnin Denba take a jihar Kolorado, ranar 20 ga Afrilun 1999 ɗaliban makarantar su biyu suka shigo da bindigogi suka kashe 'yan uwansu ɗalibai 12 da malami ɗaya a ranar. A Sandy Hook kuma, 14 ga Disamban 2012, saurayi ne ɗan shekara 20, ya fara harbe mahaifiyarsa a gida ya kwashi bindigoginta ya tafi firamare ya kashe yara 20 'yan shekara shida da bakwai da manya shida. Ba daga daji suka fito ba, a cikin gidajen unguwar suka girma, a ɗaki a rufe, maƙwabta ba su san abin da ake dafawa ba. Na san za a ce ai mu ba a sayar da bindiga a kanti kamar can, gaskiya ne kuma wannan babbar rahama ce, amma tun da Libiya ta wargaje a 2011 kowa ya san makamai sun bazu a yankin nan fiye da da.

Kuma mu ma mun ɗanɗana namu na cikin gida. Juma'ar 16 ga Janairun 2015 bayan an sauko daga masallaci, zanga-zangar zanen ɓatanci ga Annabi na jaridar nan ta Faransa, Charlie Hebdo, ta rikiɗe, aka ƙona coci-coci, aka ƙona cibiyar al'adu ta Faransa, aka rasa rayuka, washegari abin ya koma Yamai, mutum goma gaba ɗaya a garuruwan biyu. Ranar ina Sabon Gari na maƙale a shagon wani abokina muna leƙe ta ƙasan ƙyaure, kuma fuskokin da na gani suna gudu da jarka ba baƙi ba ne, wasu na san fadar da suke shan shayi. Bayan nan kowa ya ɗora wa 'yan fale, wato 'yan daban unguwar Kara-Kara, kamar dai duk wani abu in ya lalace a garin nan, ni ban yarda duka su ne ba, akwai 'ya'yan gidajen mutunci a ciki da iyayensu har yau ba su sani ba ko sun sani sun yi shiru. Yaron da ya gama lakwal ba aiki, ya wuni a fada ya kwana a waya, wa ya san wa ke yi masa wa'azi a cikinta?

Sai dai akwai abin da nake tsoro kusan daidai da harin kansa, zargi. Daren tayar nan kafin asuba bokal, wato saƙon murya, ya fi goma ya zagaya a WhatsApp, wani yace an ga mutane a kan moto da rawani, wata tace ƙanwar kishiyarta ta ga gawa da idonta, wani ma cewa ya yi an shigo ta wajen matatar mai. Duk ƙarya. Da safe har wani ya fara cewa a kori masu gadin kangaye, wai yawancinsu mutanen gabas ne ba a san asalinsu ba. Raina ya ɓaci sosai, don mai gadin kangon da ke kallon gidana mutumin Difa ne, abin da muke jin tsoro a bokal shi ya gan shi ƙuru-ƙuru har ya rasa ƙaninsa, kuma daga baya na ji cewa a daren shi kaɗai ne a layin ya fito da tocila ya taka har bakin gudron ya ga motar, ya dawo ya rasa wanda zai gaya wa don duk mun kulle ba wanda zai buɗe masa.

Ranar Juma'a bayan la'asar na tsaya na yi wa liman magana, nace Baba liman a taimaka a ce mutane su ɗan dakata. Mutum sha huɗu suka tsaya, wasu suna ta duba agogo. Na yago takarda daga kayen ɗana muka rubuta suna da lamba da kwatancen gida, nan na fara jin sunan Alhajin da ke jikin katangata, ashe ma malamin asibiti ne, shekara huɗu ina kwana kusa da mai iya tsayar da jini ban sani ba. An yarda a buɗe ƙofar mata a yi makulli uku, an yarda a je wajen mai unguwa a nemi a sa wa layuka suna ko lamba ko da da fenti ne a jikin katanga, sannan duk wanda ya turo bokal a gurup ba tare da ya gani da idonsa ba a cire shi. Maganar fitila mai sola ce ta kawo gardama, da aka ce kowane gida jikka biyu sai wuri ya yi tsit, wani yace sai ya yi shawara, wani yace ai aikin meri ne ba namu ba, aka tashi ba a gama ba.

Mai gadin nan bai shigo taron ba, yana waje a tsugune wajen butoci yana jira a watse. Da na fito na miƙa masa takardar nace Malam saka taka, ya kalle ni yace ni ma? Nace kai ne ma na farko. Ba ya rubutun boko, sai ya karanto min lambar na rubuta a can sama, saman ta liman.