Tarihin Rayuwata, Fitowa ta 14: Ranar da Baburanmu Suka Zama Kaya a Sawakin

Makon jiya na tsaya ne a inda muka baro Kasala ta ƙasar Sudan da asuba, duwatsun Taka a bayanmu, muka miƙi hanyar Haya. Ba zan gajiyar da ku da labarin wannan hanya ba, babu komai cikinta sai rana da tireloli da layin mai. Mun kwana a Sinkat, da hantsi muka gangaro daga kan tsaunuka, sai iska ta yi nauyi, tana manne wa mutum a fata. Kawu ya rage gudu ya nuna mini gaba da haɓarsa. Wani shuɗi ne shimfiɗe har inda ido ya gaza. Ni da babban ruwan da na sani a duniya shi ne dam ɗin Tiga, na tsayar da babur a gefen titi, na kashe shi, na yi ta kallo. Bahar Maliya ke nan, ranar kwananmu 52 da barin Kano, cikin watan Nuwamban 2018.

Sawakin tana kudu da Bur Sudan da wajen kilomita 60. Ita ce tsohuwar tashar alhazai. Da yawa daga kakanninmu da suka tako da ƙafa daga ƙasar Hausa, masu yin shekara biyar ko bakwai a hanya suna noma suna ƙwadago, nan suke zuwa su jira jirgin Jidda. Da Turawan Ingila suka gina Bur Sudan suka buɗe ta a 1909, ciniki ya koma can, gidajen tsibirin da aka gina da dutsen murjani suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. Lokacin da muka je Turkawa suna ta gyaran wasu, shekara guda bayan ziyarar shugabansu Erdogan. Amma jiragen fasinja da na tumaki har yau daga nan suke tashi, daga tashar da aka sa wa sunan Usman Digna, sarkin yaƙin Mahadi da ya hana Ingilishi barci a wannan yanki.

Masaukinmu gidan wani dattijo ne da aka haɗa mu da shi tun daga garin Mai Wurno. Kakansa na cikin waɗanda suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, ya yi niyyar Makka, Allah ya tsayar da shi a Sudan. Baba bai taɓa taka Najeriya ba, amma Hausarsa tsab, irin ta tsofaffi, sai dai Larabci ya ɗan shiga cikinta. A nan muka fara rikicewa. Na ce masa muna so mu sa babur a jirgi, ya dube ni ya ce, “Ɗana, babur ai shi ne ke ɗaukarku, ta yaya za ku ɗauke shi?” Ashe a bakin tsofaffin can babur jirgin ruwa ne mai inji, abin da muke hawa kuma sunansa motar. Kawu ya yi dariya har da tari, ya ce to shi ke nan, babur zai hau babur.

Dariyar ba ta kai washegari ba.

A kan tudu babur ƙafarka ne. Ɗan sanda ya tsare ka, ku gaisa, ya duba takarda, ka wuce. Da ka iso bakin teku sai ya tashi daga abin hawa ya zama kaya, kamar buhun ridi, kaya kuwa ba ya motsi sai da takarda. Babbar takardar ita ce wani littafi mai launin rawaya da ake kira karne, mutanen Sudan suna ce masa tirbitik. Fasfo ne na abin hawa. Kafin a ba ka sai ka ajiye kuɗin jingina a gida, alƙawari ne cewa duk ƙasar da ka shiga da babur za ka fita da shi, ba za ka sayar ka gudu ka bar musu haraji ba. Shekara ɗaya yake aiki. Kowane shafi kashi uku ne: jami’in iyakar shiga ya yage ɗaya, na iyakar fita ya yage ɗaya, na ukun ya zauna a littafin da hatimi biyu. Hatimi ɗaya ya ɓace, kuɗin jinginarka sun shiga uku.

Baba ya samo mana ɗan kamasho, irin waɗanda ake kira mukallis, masu sanin wace taga ake fara bi. Ina ba duk mai niyyar wannan tafiya shawara kada ya yi rowar kuɗin mukallis. Na ga wani Bature da ya ce zai yi da kansa, kwana uku ina tarar da shi a benci ɗaya, fuskarsa ta yi ja kamar gauta. Kuɗi kuma tsaba ake biya. A shekarar katin banki na waje ba ya aiki a Sudan, su kansu ’yan ƙasa layi suke kwana don ɗan abin da banki zai ba su. Gwamnati ta sa dala a fam 47.5 tun Oktoba, bayan fage ta fi haka. Dalolin da Kawu ya ɗinke a cikin ɗamararsa su suka fitar da mu.

Rana ta uku aka kira mu duba lamba. Jami’in ya tsuguna da tocila, ya goge wuyan babur ɗin Kawu da tsumma, ya karanta lambar bodi, ya karanta ta inji, ya gwada da littafi, ya ɗaga kai. Ya zo kan nawa. Lambar bodi daidai. Ya leƙa ƙasan inji ta hagu, ya goge, ya sake gogewa, ya tofa yawu a tsumman ya ƙara gogewa. Sai ya miƙe ya rufe littafin. Tun kafin mukallis ya fassara, cikina ya ɗuri ruwa, don na tuna.

Masu bin labarin nan za su tuna dutsen da na daka tsakanin Nuhud da Ubayyid, wanda ya fasa mini gidan inji, abin da kanikawa ke cewa kesin. Bakaniken Ubayyid ya kwana biyu yana warware injin, ya sa mini kesin na wani mataccen Boxer. Na biya ina murna, har na ƙara masa na shayi. Ko kusa bai zo mini a rai ba cewa a jikin wannan ƙarfe ake buga lambar inji. A idon doka, injin da na shigo da shi ta iyakar Junaina ya ɓace a cikin ƙasa, ga wani kuma da ba a san asalinsa ba ina neman tsallakar da shi. Laifina ne, ba na kowa ba, kuma jami’in aikinsa yake yi.

Na zauna a ƙasa, na jingina da taya. Kawu bai ce uffan ba. Ya tafi wajen buhunsa, wannan buhun da na yi ta yi masa tsiya a kansa tun daga Kordofan, ya zazzage: tsohuwar sarƙa, fulogi uku da suka mutu, waya, ƙusoshi. Can ƙasa, naɗe cikin tsohuwar singileti, sai ga fasasshen kesin ɗina. Ranar da ya ɗauke shi na ce, “Haba Kawu, wannan nauyin banza fa?” Ya ce alminiyon ne, ko masu tukwane sa saya. Ya miƙa wa jami’in ba tare da ya dube ni ba. Aka goge baƙin mai, aka haska tocila, lamba ta fito ɗaya bayan ɗaya kamar yadda take a littafi. Sai da muka ƙara kwana biyu, aka rubuta bayani da Larabci, aka buga wa bakaniken Ubayyid waya ya shaida, wani babba ya sa hannu, kafin hatimi ya sauka. Har yau in muka yi musu da Kawu, “kesin” kawai yake cewa, in yi shiru.

Kwana biyun nan su suka ja mana wata matsalar. Gurbin baburan a jirgin daren ya tabbata, an biya, amma tikitin mutane ya ƙare saboda masu Umara. Ko dai a fasa a sake sabon lale, ko baburan su riga mu, mu bi su bayan kwana biyu. Mukallis ya ce kada mu taɓa abin da ya riga ya zauna.

Da la’asar muka shirya su. Kawu ya zuƙe mai da tiyo ya bar ɗan abin da zai kai su cikin jirgi, sauran ya juye wa jikan Baba mai rakasha, wato Keke Napep. Muka kwance madubai, muka sauke kaya kaf, don ba wanda zai ɗauki alhakin abin da aka bari a jiki. Na shafe sarƙa da giris, na shafa baƙin mai a duk ƙarfen da ke waje, saboda iskar gishiri ba ta da kunya, kwana biyu ya ishe ta ta fara cin ƙarfe. Na ɗauki hoton kowane ɓangare, har tsohon tabon tanki. Jirgin irin mai buɗe baya ne, motoci suna shiga da ƙafarsu. Aka bar mu muka tura su har ciki, cikin zafi da ƙaurin dizal, aka ba mu lungu tsakanin wata motar ɗaukar kaya da bango. Na sa giya ɗaya, na ɗaure birkin hannu da robar tub, Kawu ya cire kan batir. ’Yan dako suka kawo igiya za su ɗaure ta kan tanki, Kawu ya ce a’a, ya karɓa ya ɗaure da kansa ta wuya da ta baya, ɓangare huɗu, ya jijjiga har sai da ya gamsu. Sannan wani yaro mai rigar aiki, wanda bai kai ƙanina ba, ya miƙo hannu. Makulli yake so.

Na ba shi. Ya ba ni takarda ɗaya mai kofi shuɗi, bolisa, wadda da ita kaɗai za a sakar mana su a Jidda.

Bayan isha’i jirgin ya yi kuka ya janye. Muna tsaye a bayan shinge har fitilunsa suka shige duhu. Muka koma gidan Baba da ƙafa, karo na farko cikin wata biyu, ni da hular kwano a hannu, Kawu da kesin a hammata, don ya ce a can ma za a tambaya. Baba ya sa aka dama mana jabana, kofinsu mai citta, ya ce kakansa a wannan bakin ruwa ya sayar da jakinsa, ya yi kwana uku ba ya magana. Na sa bolisa a leda, na tura ƙarƙashin matashi. Sau uku ina farkawa cikin dare ina laluben aljihu.

Abin da muka tarar a tashar Jidda, da dalilin da ya sa babur ɗaya kawai aka fara nuna mana, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.