Totur Mai Maƙalewa a Tsohuwar Akori-kura

Garejina ƙarami ne, rumfar kwano ce da rami ɗaya, ni da yara uku, a gefen hanyar da ke zuwa kasuwar Dawanau. Abincinmu yawanci a jikin tsofaffin akori-kura yake, Peugeot 404 da 504 masu kwaso hatsi daga kasuwannin ƙauye, sai jefi-jefi tsohuwar Hilux mai kafireto. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, ya kuma ci gaba da fitar da 504 har cikin shekarun 2000, shi ya sa kayanta ba su ɓace a kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano ba, ko da yake na asali sai an tona.

Akwai aikin da direbobi ke rainawa, ni kuwa ba na wasa da shi, wato aikin totur. Kukan iri biyu ne. Wani zai ce ya taka har ƙasa amma motar ba ta ja, musamman a hawa da kaya. Wani kuma zai ce ya ɗauke ƙafa amma injin bai sauko ba, sai ya sa yatsan ƙafa ya ɗago fedar. Dukkansu maganar da suke fara yi ɗaya ce: "Oga, a wanke mini kafireto." Sau da yawa kuwa kafireton lafiyarsa ƙalau. Abin da ya samu totur ɗin shi ne rashin wurin motsi, wani abu ya tsaya masa a hanya tsakanin ƙafar direba da hannun kafireto.

Dalilin a fili yake. Da wuya ka buɗe bonet ɗin motar da ta shekara talatin ka tarar da abin da kamfani ya sa. Kafireton Solex na asali ya gaji, an cire shi an ɗora na wata motar Japan saboda ya fi tsimin mai. Ramukan notinsa ba su dace da manifol ba, wato bututun da kafireto ke zama a kai, sai a je wurin mai walda ya yanko faranti a sa a tsakani. Farantin nan ya ɗaga kafireto sama, hannun totur ya koma wani gefe, wayar totur da a da take zuwa miƙe yanzu sai ta lanƙwasa kafin ta iso. An kuma sauya eya kilina, wato matatar iska, da wani mai faɗin gindi, wanda ke zaune daf da hannun. Kowane gyara a ranar da aka yi shi ya yi amfani, amma babu wanda ya tsaya ya duba ko hannun nan yana kaiwa ƙarshen tafiyarsa ya dawo ba tare da ya goga wani abu ba.

Aikin na mutum biyu ne. Injin a kashe, yaro ya zauna a kujerar direba yana taka feda a hankali, ni kuma idona yana kan hannun kafireto. Ina so in ga farantin iska na cikin maƙogwaron kafireto ya buɗe tsaye cak daidai lokacin da feda ta kai ƙasa. Idan feda ta riga kaiwa, mota ba za ta taɓa ba da duk ƙarfinta ba. Idan farantin ne ya riga buɗewa, to duk nauyin ƙafar direba a kan waya yake sauka, kuma wata rana za ta tsinke masa a daji. Sannan a saki feda, hannun ya koma da kansa ya zauna a kan sukurun silo, wato mai daidaita gudun inji idan ba a taka totur ba, waya ta ɗan yi sako-sako kamar milimita biyu zuwa uku. Inda nake zargin ana guga, nakan shafa alli, a taka a saki, in duba inda allin ya goge. Tsakanin eya kilina da bonet kuwa ido ba ya shiga, don haka ɗan curin laka nake ɗorawa a rufe bonet a buɗe, kaurin da ya rage shi ne tazarar.

Duk wannan kowane bakanike mai haƙuri zai yi. Inda aka fi faɗawa shi ne mantawa da cewa inji ba a tsaye yake wuri ɗaya ba. A kan roba yake zaune, abin da muke kira injin sit, kuma duk lokacin da aka ba shi wuta da kaya a baya sai ya murɗa gefe. Tazarar da ka gani mota tana hutawa a rumfa ba ita ce tazarar da za a samu ba idan an loda buhunan masara ana hawa gada. In robar ta ruɓe da baƙin mai ko ta rabu biyu, injin zai ɗaga ya ja wayar totur da kansa, jan ya ƙara masa wuta, ƙarin wutar ya ƙara ɗaga shi. Direba bai taka komai ba amma mota tana gudu. Wannan ba cutar tsofaffin motocinmu kaɗai ba ce: a 1971 kamfanin General Motors na Amurka ya kira motocin Chevrolet sama da miliyan 6 a dawo da su saboda irin wannan matsala ta injin sit. Don haka kafin in taɓa waya sai an ja birkin hannu, an sa waigi a tayoyi, yaro ya sa giya ya ɗan ɗago kuloci, ni ina gefe, ba a gaban mota ba, ina kallon yadda injin ke tsalle. Idan ya ɗaga fiye da kima, maganar totur ta tsaya sai an sa sabon sit. Bayan nan ma ba na yarda hannun totur ya kusanci komai da ƙasa da kaurin yatsa.

Gyaran kansa ba shi da tsada. Wani lokaci mariƙin waya za a cire a huda sabon rami domin ta zo miƙe. Wani lokaci a ɗan ɗaga eya kilina da zobe, in bonet ya ba da dama, ko a bubbuga gindinsa ya shiga ciki. Tiyon mai ko na ruwa da ke kwance a hanya a ɗaure shi gefe. Abin da ba na so shi ne a lanƙwasa hannun kafireto da filaya don a kauce wa guga, domin tsawon hannun ne ke daidaita tafiyar feda, kana taɓa shi mota za ta riƙa zabura da ɗan taki kaɗan.

Wani abu da yara ba sa ganewa da wuri: idan ka zare waya ka ga robar cikinta ta narke, ba tsufa ba ne. Duba wayar at, wato wadda ke haɗa inji da bodi don wuta ta samu hanyar komawa batir. In ta tsinke ko an manta ba a mayar ba bayan an sauke inji, wutar kik tana neman hanyar komawa batir, sai ta bi ta wayar totur ta gasa ta. Ka sa sabuwa ba ka gyara at ba, za ta sake ƙonewa. Kuma kada a cika wayar totur da giris. Da ƙurar hunturu ta sauka a kai sai ya zama kamar kunun da ya kwana, feda ta yi nauyi.

Rigimata da direbobi a kan robar tiyub ce. Sifirin da ke dawo da totur ya ɓalle a hanya, an yanko roba an ɗaure, ta kawo mutum gida, madalla. Amma sai a bar ta wata da watanni kusa da zafin inji. Wani dattijo da na cire wa tasa ya ce, "Haba ɗana, ai tana aiki." Na ce, "Baba, tana aiki har ranar da za ta tsinke, kuma ba za ta yi sallama ba." Sifirin biyu nake sa wa kowace mota, in ɗaya ya karye ɗaya ya riƙe. Nakan kuma gaya wa direba, in totur ya taɓa maƙale masa a kan hanya, ya taka kuloci da birki, ya kashe inji, amma kada ya murɗa makulli har ƙarshe ya zare, don kada sitiyari ya kulle.

Wahalar wannan aiki a wurin karɓar kuɗi take. Ka ɓata rabin yini kana leƙe da aune-aune, a ƙarshe abin da mai mota zai gani sabon rami ɗaya ne da sifirin biyu, sai ya ce me aka yi. Shi ya sa muke yanke kuɗin aiki tun kafin a ɗauko sifana, kuma lokacin gwajin injin sit ba na barin direba ya tafi shan shayi. Gefena nake tsayar da shi, ya ga injinsa yana ɗagawa yana jan waya da idonsa.