Yumɓu a aji uku

Ni ke riƙe da aji uku a firamaren ƙauyenmu, can gefen Ringim, kuma bana shekarata ta shida ke nan a ajin. Jadawalin da ke manne a ofishin hedimasta cike yake fal: Turanci, Lissafi, Hausa, Larabci, Addini, Kimiyya da Fasaha, sai Al'adu da Zane-zane. Manhajar da NERDC, hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa, ta gyara, aka fara aiki da ita a 2014, ta cusa wasannin motsa jiki da kwamfuta cikin darasin kimiyya. A manyan makarantun birni kowane darasi da malaminsa. Mu nan ni ne malamin zane, ni ne na wasanni, ni ne na kwamfuta, ga shi ko wutar lantarki babu a makarantar. Da alli nake zana musu ita a allo.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muka mayar da waɗannan darussa 'yan bora. Lokacin zane ya zo, sai a ce a ƙarasa Lissafi. Lokacin wasanni ya zo, sai a kora yara su share fili. Masu duba makarantu ma in sun zo, littafin Turanci da na Lissafi suke fara buɗewa. Na san dalilin. Tsarin da muka taso muka tarar shi ne a koyar da yaro da harshen uwa a shekaru ukun farko, daga aji huɗu a koma Turanci, don haka kowa hankalinsa a tashe yake. Amma ni na ga abin da ya sa ba na yarda a taɓa mini ranar Laraba, ranar darasin zane.

A zangon karatun da ya wuce na je na roƙi wata dattijuwa maginiya a unguwarmu ta zo ta nuna wa yarana ginin tukwane. Da farko ta ƙi. "Malam, ni da ban taɓa shiga aji ba, me zan koya wa 'yan boko?" Na ce, "Inna, hannunki kawai muke so su gani." Ta zo da yumɓunta a tsohon buhu, muka shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiya. Ta nuna musu yadda ake tsince tsakuwa, a kwaɓa, a cuɗa har ya daina manne wa hannu. Wani yaro ya ɗauki kaskonsa da gudu zai shanya a rana, ta daka masa tsawa: a inuwa ake ajiyewa, in ya bushe da gaggawa tsagewa zai yi. Biyu daga cikinsu suka ƙi ji. Washegari muka tarar da kaskonsu a tsage. Daga nan na shiga bayanin yadda rana ke janye ruwa daga abu, kuma ban taɓa ganin sun kasa kunne ga darasin kimiyya kamar ranar ba.

Akwai wata yarinya da ke zama a layin baya. Sai ta gama tallan safe take zuwa, kullum a makare, littafinta fari fat, ko sunanta na kira da kyar take ɗaga kai. Wallahi na fara cire rai da ita. Ranar nan kuwa asusun da ta gina ya fi na kowa kyau, bakinsa daidai, gindinsa a zaune, har Inna ta juya shi a hannu ta ce, "Wannan 'yar, a gidanku akwai mai gini?" Da aka jera kayan a inuwa sai gardama ta tashi, kowa na cewa wannan nawa ne. Na ce kowa ya sa alama a gindin nasa. Ta matso kusa da ni a hankali, da tsinke a hannu, ta ce, "Malam, yaya ake rubuta sunana?" Na rubuta mata a ƙasa. Ta kwafa harafi bayan harafi a kan ɗanyen yumɓu, ta goge na ukun da yatsa sau biyu kafin ya yi mata. Shekara biyu da rabi tana makaranta, ranar ta fara tambayar abu da bakinta.

Sauran darussan ma haka nake lallaɓa su. Da ruwa ya sauka a watan Yuni muka auna ɗan fili bayan aji da igiya, muka shuka wake, kowace safiya su gwada tsayinsa da kara su rubuta. Langa da carafke kuwa ba sai na koya musu ba, ƙirga maki kawai na ɗora a kai, da Hausa sannan da Turanci.

Kayan da suka gina Inna ta haɗa su da nata ta toya. Guda tara suka fashe a wuta, har da hawaye. Asusun yarinyar nan ya fito lafiya, ya yi ja, sunanta na nan a gindinsa. Ta ƙi tafiya da shi gida, wai ƙannenta za su fasa. Yana kan tagar ajinmu, kuma yanzu duk safiyar da ta shigo, ko ta makara, sai ta fara ɗaga shi ta karanta kafin ta zauna.