Wasiƙa daga Nagoya: yumɓun da nake kwaɓawa

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida,

Gaisuwa mai yawa daga Japan. Duk wanda ya tambaye ni aikin da nake yi a ɗakin gwaji na ce masa yumɓu nake kwaɓawa, sai ya yi dariya. Wallahi ba wasa nake ba.

A nan akwai motoci irin Toyota Mirai, wadda ta fito a 2014, da ba sa shan fetur. Iskar haidirojin suke sha, ruwa kawai ke ɗiga daga salansa. Cikin na'urar da ke mayar da iskar nan lantarki akwai wani tantani na roba, siriri kamar leda, wanda ke barin firoton (ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da cajin lantarki da ke fitowa daga haidirojin) su ƙetare, ya tare iskar. Wanda aka fi sani shi ne Nafion, wanda kamfanin DuPont ya ƙirƙiro a shekarun 1960. Matsalarsa ɗaya: sai da danshi yake aiki. Zafi ya haura digiri 80, ya fara bushewa, wuta ta ragu.

Nan yumɓu ya shigo: cuɗa shi muke cikin tantanin don ya riƙe danshi. Wanda muke amfani da shi ana kiransa montmorilonait, daga sunan garin Montmorillon na Faransa. Falle-falle yake, kaurin kowanne kusan nanomita 1 (kashi ɗaya cikin miliyan na milimita), kuma yana riƙe ruwa a tsakaninsu, kamar yadda jikin randa ke zama da laima. A na'urorin da ke aiki da metanol (wani ruwan sinadari mai cin wuta) maimakon iskar haidirojin kuwa, fallayen suna hana shi ratsawa kai tsaye, sai ya yi ta kewaye kamar baƙo a lungunan Kurmi. Masu binciken Toyota, nan kusa da mu, sun cuɗa wannan yumɓu da nailan a ƙarshen shekarun 1980.

Ni dai zuwana na farko haɗama ta ci ni. Na ce tunda yana da amfani, bari in zuba kashi 10 cikin 100. Da na zo ɓare tantanin daga gilashi, sai ya tsattsage kamar ƙasan tafki da rani. Ko da bai tsage ba, yumɓun ya dunƙule ya toshe hanyar firoton. Yanzu kashi 3 nake sawa, bayan na jiƙa shi da asid, na bar injin girgiza ya wargaza shi tun safe har la'asar.

Tantanin da na haɗa jiya yana cikin tanda yana bushewa. Gobe da safe zan ɓare shi, ku sa ni a addu'a.

Naku,
daga Nagoya