Kwantiragin zaɓi a kan hannun jarin Chipotle

Tun watan Yunin 2024, lokacin da kamfanin abincin nan na Amurka, Chipotle, ya raba kowane hannun jarinsa gida 50, nake bibiyar cinikin kwantiragin zaɓi a kansa, wato yarjejeniyar da mutum ke biyan kuɗi don ya samu damar saye ko sayar da hannun jari a kan ƙayyadadden farashi kafin wani wa'adi ya cika. Kafin rabon, hannun jari ɗaya ya haura dala 3,000, kuma da yake kwantiragi guda yana ɗauke da hannun jari 100, kuɗin shiga ya fi ƙarfin ƙaramin ɗan kasuwa. Da farashin ya dawo wajen dala 65, sai ƙofa ta buɗe wa kowa.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake shiga ba tare da duba darajar kamfanin ba. A lokacin ana sayen hannun jarin a kan fiye da ninki 50 na ribar da yake kawowa a shekara, wato an riga an biya kuɗin bunƙasar da ba a gani ba tukuna. A watan Agusta, ranar da aka sanar cewa shugaban kamfanin, Brian Niccol, zai bar shi ya koma kamfanin shagunan kofi na Starbucks, ina riƙe da wayata ina kallon farashin yana zubewa da fiye da kashi 7 cikin ɗari. Mai hannun jari yana iya haƙuri ya jira, amma wanda ya sayi zaɓin saye mai wa'adin mako guda, akasarin kuɗinsa ya narke a ranar, alhali shagunan suna ta ciniki yadda suka saba.

Ni dai na tsaya a kallo, musamman da yake Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, OIC, ta haramta irin wannan kwantiragi tun 1992.