Yadda Alkahira ta koya wa kunnena haƙuri

Karatun harhaɗa magunguna ne ya kai ni Alkahira, amma a can na koyi sauraron kiɗa ana yin sa a gabana. Da can waƙa a wurina abar waya ce, in ba ta kama ni nan take ba sai in tsallake ta.

A zauren kiɗa babu tsallakewa. Wani abokin karatuna Bamisire ne ya riƙa jana zuwa gidan Opera na tsibirin Gezira, wanda aka buɗe a 1988 bayan tsohon ya ƙone a 1971, wani lokacin kuma cibiyar al'adu ta Sakiyar Sawi da ke unguwar Zamalek. Can na fara ganin ƙaramar tawagar makaɗan Larabawa: mai udu (mai tsirkiya kamar molo), mai ƙanun (faffaɗan allo mai tsirkiyoyi da yawa), mai sarewar nai, mai kamanja (irin goge), sai mai ɗan bandiri da ƙarafuna a gefe.

Taƙsimi ne ya fi ba ni wuya, wato inda makaɗi ɗaya zai ware yana ƙirƙira nan take, babu takarda a gabansa. Ga maƙamai, wato tsare-tsaren sautukan da kiɗa ke bi, irin Rast da Bayati, da sautukan da ke faɗawa tsakanin maɓallan piyano, baƙon kunne sai ya ɗauka tsirkiya ce ta saki. Abokina ya ce, "Ɗan'uwa, bar kallon yatsunsa, bi inda yake son sauka." Ashe kowane maƙami yana da sautin da yake komawa. Mai udu zai yi ta kewaya shi, ya matso kamar zai dire, ya fasa, ya haura sama, har ranka ya ƙagu. Yana direwa zauren zai ɓarke da "Allah!" Wani dattijo a gefena, ido rufe, hannunsa na sama tun kafin a kai wurin, ya san hanyar.

Kuma makaɗin yana jin wannan sowa, da ita yake aiki. In ya ga gaɓar ta taɓa mutane, sai ya sake ta da wani salo. Haka shahararriyar mawaƙiyar Masar, Ummu Kulsum, ta riƙa yi a wasanninta na Alhamis ɗin farkon wata, har waƙa ɗaya ta kan ci awa guda. Har yau in zan saurare ta, ɗaukar wurin taro nake nema, ba ta situdiyo ba, domin a ciki ana jin jama'a na roƙon ta maimaita, ita kuma tana maimaitawa ta wata hanyar daban.